Altera ya bar gidan Intel: yadda zaɓen maƙera ke raba gardama a kasuwar FPGA

A watan Afrilun 2025 kamfanin Intel na Amurka ya sanar da cewa zai sayar da kashi 51 cikin ɗari na Altera ga Silver Lake, wani kamfanin zuba jari. An yi cinikin ne bisa ƙiyasin cewa darajar Altera baki ɗayansa dala biliyan 8.75 ce, aka kuma kammala shi a watan Satumba. Shekara goma kafin nan, Intel ɗin ya biya dala biliyan 16.7 ya sayi Altera. Wato haja ta shekara goma a hannunsa, ta fita da kusan rabin kuɗinta. A cikin waɗannan shekarun ne kuma babban abokin hamayyar Altera, wato Xilinx, ya koma hannun AMD a wani ciniki da ya kai kusan dala biliyan 49 ranar da aka kammala shi a Fabrairun 2022.

Kamfanonin biyu a gari ɗaya suke, San Jose ta jihar Kalifoniya. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, an kafa Altera a 1983, Xilinx a 1984. Kaya iri ɗaya suke sayarwa, ga masu saye iri ɗaya, kuma sun shafe shekaru talatin yau wannan ya wuce gobe wancan ya wuce. Dalilan da suka sa tazara ta buɗe tsakaninsu suna da yawa, amma mafi nauyinsu shawara ce guda da Altera ya yanke a 2013 game da wanda zai riƙa ƙera masa kayansa.

Allo da bugaggen littafi

Duk wata na'urar zamani tana aiki ne da ƙananan ƙwayoyin silikon, irin abin da masu Faransanci ke kira *puce*. Yawancinsu an ƙera su ne domin aiki ƙayyadadde. Da zarar sun fito daga masana'anta, hanyoyin da lantarki zai bi a cikinsu sun zauna ke nan har abada, kamar littafin da aka riga aka buga. Idan an gano kuskure, sai dai a sake bugu, kuma sake bugu a wannan sana'a yana cin miliyoyin daloli da watanni masu yawa.

FPGA kuwa allo ce. Tana fitowa daga masana'anta cike da dubbai ko miliyoyin ƙananan ɗakunan lissafi da hanyoyin da ke tsakaninsu, amma ba a ƙulla su ba tukuna. Injiniyan da ya saye ta shi zai rubuta yadda yake so a haɗa su. In ya ga dama gobe ya wanke ya sake rubutu, ko da na'urar tana saman turken sadarwa a daji ko tana cikin tauraron ɗan'adam. Ross Freeman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Xilinx, shi ya ƙirƙiro ta, kuma ta farko ta shiga kasuwa a 1985.

Wannan sauƙin sauyi ya sa ake samun ta a wuraren da adadin na'urorin bai kai a kashe kuɗin ƙera ƙwaya ta musamman ba, ko inda ƙa'idojin aiki ke yawan canzawa. Tana cikin akwatunan da ke rataye a turakun wayar salula, da na'urorin hoton ciki na asibiti, da rada, da injunan masana'antu, da motocin zamani. Motar bincike ta Perseverance da ta sauka duniyar Mars a 2021 tana ɗauke da ita. Masu bincike da suka buɗe makaman Rasha da aka tsinta a Yukiren a 2022 sun tarar da na Xilinx da na Altera a ciki. Kasuwar ba ta kai kashi uku cikin ɗari na cinikin ƙwayoyin silikon na duniya ba, amma wuraren da take zaune wurare ne da gwamnatoci ba sa wasa da su.

Allon nan yana da tsadarsa. Domin a bar wa injiniya damar haɗa hanyoyi yadda yake so, dole a tanadi hanyoyi da makunnai masu yawa waɗanda akasarinsu ba za a taɓa amfani da su ba. Aikin da ƙwaya ta musamman za ta yi a ɗan fili, FPGA na buƙatar ninkin wannan filin sau da yawa, ta kuma fi shan wuta. Hanyar rage wannan nauyi ita ce a ƙanƙantar da taranzistocin da ke cikinta. Shi ya sa masu FPGA suka fi kowa zumuɗin sabon salon ƙira. Ana kiran waɗannan salon da lambobi, nanomita 40, 28, 16, 7, kuma duk da cewa a yau lambobin sun zama suna kawai fiye da ainihin awo, ƙa'idar tana nan: wanda ya riga shiga ƙaramar lamba shi zai kawo kaya mafi girman ciki, mafi ƙarancin shan wuta. Manyan masu saye kuma sukan zaɓi ƙwaya sau ɗaya ne su zauna a kanta shekara goma ko fiye. Wanda ya makara da shekara ɗaya ya rasa cinikin shekara goma.

Masu zane da maƙera

Tun ranar farko Xilinx bai mallaki masana'anta ba. Bernard Vonderschmitt, wanda ya jagoranci kamfanin a farkonsa, ya ƙulla yarjejeniya da Seiko Epson na Japan: Xilinx ya zana, Japanawa su ƙera. A lokacin abin ya zama baƙo, domin manyan sana'ar suna ganin kamfanin da ba shi da maƙerarsa bai cika kamfani ba. A 1987 Morris Chang ya kafa TSMC a Taiwan a kan wannan tunani, cewa zai ƙera wa kowa, shi kuma ba zai fitar da kaya da sunansa ba balle ya yi gogayya da masu kawo masa aiki. Wannan alkawari shi ne jarin TSMC na gaskiya, kuma za a ga muhimmancinsa nan gaba.

Daga shekarun 1990 aka yi rabon gida. Altera ya zauna da TSMC, Xilinx ya dogara da UMC, wani kamfanin Taiwan ɗin, tare da ɗan taɓa Toshiba da Samsung. Su ma maƙeran suna son aikin FPGA, saboda cikinta tsari ɗaya ne ake ta maimaitawa, abin da ke sauƙaƙa gano inda sabon salon ƙira ke da aibi. Kowa na cin moriyar kowa.

A zangon nanomita 40, a 2008, Altera ya riga fitowa. Xilinx ya ji a jikinsa, ya kuma gane cewa UMC ya fara ja da baya. A 2010 ya sanar da cewa TSMC ne zai ƙera masa kayan nanomita 28. Sai ga kishiyoyi biyu a gida ɗaya, kuma amaryar ce ta fara samun fada. A 2011 Xilinx da TSMC suka fito da Virtex-7 2000T, inda aka jera ƙwayoyi huɗu a kan faranti ɗaya na silikon suka yi aiki kamar guda. Wannan dabarar haɗi, wadda TSMC ke kira CoWoS, ita ce a yau Nvidia ke dogaro da ita wajen haɗa ƙwayoyinsa na ƙirƙirarriyar basira.

Altera ya rasa abin da ya bambanta shi. Idan maƙeri ɗaya ke yi muku aiki kai da abokin hamayyarka, ba za ka riga shi samun sabon salo ba. Sai ya fara duba waje.

Yarjejeniyar 2013

A Fabrairun 2013 Altera ya sanar da cewa Intel ne zai ƙera masa manyan ƙwayoyinsa na gaba a kan nanomita 14. Duk wanda ya dubi lamarin a wancan lokaci zai ce an yi dabara. Intel shi ne kan gaba a duniya. Ya riga kowa fito da sabon nau'in taranzista mai tsayuwa, wanda ake kira FinFET, tun a zangon nanomita 22, yayin da TSMC da Samsung ke baya da shekaru. Yarjejeniyar ta kuma rufe wa sauran manyan masu FPGA ƙofar wannan salo. Kafin nan Intel ya gwada ƙera wa wasu ƙananan kamfanoni biyu, Achronix da Tabula, amma Altera ne babban baƙo na farko. Lissafin shi ne a gidan TSMC ɗaya ne cikin mutane da yawa, a gidan Intel kuwa zai zama mowa.

Sai nanomita 14 na Intel ya yi jinkiri. Stratix 10, ƙwayar da aka gina dukkan shirin a kanta, ba ta fara isa hannun masu gwaji ba sai ƙarshen 2016. Xilinx da ya zauna da TSMC ya riga ya fara aika nasa na nanomita 16 tun ƙarshen 2015. Zango na gaba ya fi muni, domin nanomita 10 na Intel ya makara da shekaru, har TSMC ya wuce shi da nanomita 7. Xilinx ya hau wannan salo da jerin Versal a 2019, shekarar da Intel ke gabatar da Agilex. Tabula ya rufe a 2015. Achronix ya tattara ya koma TSMC.

Jinkirin ba shi kaɗai ne matsalar ba. An gina masana'antun Intel ne domin su ƙera abin da injiniyoyin Intel suka zana, da kayan aikin zane na cikin gida da ƙa'idojin da baƙo bai saba da su ba. TSMC kuwa ya shafe shekaru yana koyon yadda ake karɓar zanen wani a mayar da shi kaya. Akwai kuma batun layi. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu salla wurin telan da shi ma yana da shagon sayar da riguna ya san kayan wa za a fara ɗinkawa. Ƙwayoyin kwamfuta da na manyan rumbunan bayanai su ne abincin Intel, ribarsu ta ninka ta FPGA nesa ba kusa ba. Idan wuri ya yi ƙaranci, ba sai an tambayi wanda zai jira ba.

A Yunin 2015, tun kafin ƙwayar farko ta wannan haɗin gwiwa ta fito, Intel ya ce zai saye Altera ɗungurungum. Hujjarsa ita ce rumbunan bayanai. Microsoft ya riga ya fara dasa FPGA na Altera a injunansa domin hanzarta binciken Bing, kuma shugabannin Intel na lokacin sun yi hasashen cewa kafin 2020 kusan kashi ɗaya cikin uku na injunan manyan rumbuna za su iya ɗaukar FPGA. Hasashen bai tabbata ba. Da guguwar ƙirƙirarriyar basira ta taso, ƙwayoyin Nvidia ta ɗauka, domin sun fi sauƙin sarrafawa ga mai rubuta manhaja, FPGA kuwa sai injiniyan da ya ƙware a zanen lantarki. A halin da ake ciki hankalin Altera ya karkata ga manyan kaya masu tsada na rumbuna, ƙanana da matsakaitan da masu masana'antu da masu kayan asibiti ke saye suka daɗe ba a sabunta su ba. Mowar da aka yi wa alkawari ta wayi gari bora a gidan da ke fama da matsalolin kansa.

Inda kwatancen ke da rauni

Adalci ne a ce lambobin nan biyu, biliyan 49 da biliyan 8.75, sun ƙara wa tazarar gishiri. AMD bai biya da tsabar kuɗi ba, da hannun jarinsa ya biya. Lokacin da aka sanar da cinikin a Oktoban 2020 darajarsa dala biliyan 35 ce, tashin hannun jarin AMD ne ya kai shi 49 kafin hukumomi, ciki har da na Sin, su gama amincewa. Shi kuma Intel ya sayar ne cikin matsi, bayan ya yi asarar kusan dala biliyan 19 a 2024, kuma mai saye ya san halin da mai sayarwa ke ciki.

Lokacin ma bai yi kyau ba. A ƙarancin kaya na 2021 da 2022 masu saye sun riƙa jiran FPGA fiye da shekara guda, tsoro ya sa suka yi odar fiye da buƙatarsu, daga baya suka zauna suna cin abin da suka tara. Sashen AMD da Xilinx ke ciki ya ga cinikinsa ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a 2024, zuwa dala biliyan 3.6. Amma ko a wannan mummunar shekara sashen riba ya ci. Altera ya yi cinikin dala biliyan 1.54, ya kuma rufe shekarar da asarar gudanarwa ta dala miliyan 615. Kasuwa ɗaya ce ta faɗo musu, ɗaya ya tsaya da ƙafafunsa.

Abin lura shi ne shi kansa AMD ya taɓa bin wannan hanya. Yana da masana'antunsa har 2009, lokacin da nauyinsu ya kusa kayar da shi ya ware su suka zama GlobalFoundries da kuɗin Abu Dhabi. A 2018 GlobalFoundries ya ce ya haƙura da nanomita 7, AMD ya kwashe manyan ayyukansa zuwa TSMC, daga nan ne kuma ya ƙara cin kasuwar Intel. Saboda haka da ya sayi Xilinx babu abin da ya sauya ta fuskar ƙira. Maƙerinsu ɗaya ne tun da ma.

Jinkirin Intel bai tsaya kan Altera ba. Nokia na ƙasar Finland ya dogara da Intel wajen ƙera masa ƙwayoyin musamman na kayan 5G. Da suka makara, sai ya ci gaba da amfani da FPGA a akwatunansa, waɗanda suka fi tsada suka kuma fi shan wuta. A Oktoban 2019 kamfanin ya rage hasashen ribarsa, ya dakatar da biyan masu hannun jari, darajarsa ta faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari a rana ɗaya. Labarin Nokia ya nuna iyakar allon: yana da amfani a farkon sabuwar fasaha lokacin da ƙa'idoji ba su zauna ba, amma da adadi ya yi yawa, wanda ya buga littafinsa shi ke cin kasuwa. Wannan barazana tana kan Xilinx da Altera duka, kowane maƙeri suka zaɓa.

Waɗanda suka ƙi shiga tseren

Xilinx na riƙe da kimanin rabin kasuwar, Altera na bin sa, sauran kuma suka raba abin da ya rage. Amma a cikin ragowar akwai darasi. Lattice, wani kamfani a jihar Oregon, ya bar wa manya fagen manyan ƙwayoyi ya koma kan ƙanana masu ƙarancin shan wuta. Ya raba ƙafa da gangan: jerin Nexus na 2019 Samsung ke ƙera shi a kan nanomita 28, jerin Avant na 2022 kuma TSMC a kan nanomita 16. Duka biyun tsofaffin salo ne da aka gama sanin halinsu, masu araha, babu cunkoso a layinsu. Filin da Altera ya yi sakaci da shi a shekarun Intel, Lattice ya fi kowa nome shi.

Microchip, wanda ya gaji tsohon Actel ta hanyar sayen Microsemi a 2018, ya riƙe ɓangaren sojoji da sararin samaniya, inda jure zafi da haskoki masu cutarwa ya fi sauri muhimmanci. A Faransa kuma akwai NanoXplore, ƙaramin kamfani da hukumomin sararin samaniya na Faransa da na Turai suka tallafa wa, wanda STMicroelectronics ke ƙera wa kaya. Manufar a fili take. Ƙwayoyin Amurka na sararin samaniya suna ƙarƙashin dokokin taƙaita fitar da kaya na Amurka, kuma Turawa ba sa son a ce sai sun nemi izinin Washington kafin su sayar wa wata ƙasa tauraron ɗan'adam.

Akwai wani katanga da ba a cika ambata ba, wato manhaja. Ba a iya rubutu a kan allon Xilinx sai da Vivado, na Altera kuma sai da Quartus. Injiniyan da ya shekara goma yana aiki da ɗaya ba ya sauya sheƙa don an rage masa 'yan daloli. Wannan ne ya hana Altera rushewa duk da makararsa, shi ne kuma abin da Silver Lake ya saya a zahiri: dubban injiniyoyi da zane-zanen da aka riga aka ɗaure da kayansa. Shi ne kuma ya sa sabon shiga, ko da ya samu maƙeri nagari, yake shan wuya.

Sin, da turakun da ke bayan gari

A 2017 Shugaba Donald Trump ya hana wani kamfanin jari mai kuɗin Sin, Canyon Bridge, sayen Lattice a kan dala biliyan 1.3, bisa dalilin tsaron ƙasa. A 2018 Amurka ta hana kamfanoninta sayar wa ZTE kaya, kamfanin ya dakatar da manyan ayyukansa na wasu watanni har sai da aka sasanta. A Mayun 2019 aka saka Huawei a jerin waɗanda ba a sayar wa fasahar Amurka sai da lasisi, kuma Xilinx, wanda Huawei ke cikin manyan masu sayensa, ya ga cinikinsa ya ragu.

Sin ta ɗauki darasi. Kamfanoni irin su Pango, Anlogic, Gowin da Fudan Microelectronics sun samu kasuwar gida da a da ba za su samu ba. Suna iya ƙanana da matsakaita, amma a manyan ƙwayoyi suna baya da zango da yawa, kuma dalilin shi ne dai maƙera. SMIC, babban maƙerin Sin, yana cikin jerin takunkumin Amurka tun Disamban 2020, kuma ba ya samun injunan zane mafi ƙwarewa na kamfanin ASML na Holand.

Nan ne zancen ya taɓo mai karatu a Yamai ko Garwa ko Injamena ko Kumasi. Turakun sadarwar da ke kawo masa intanet, kayan kamfanoni huɗu ne galibi ke kansu: Huawei, ZTE, Ericsson da Nokia, kuma na Sin ɗin biyu sun yi kaka-gida a ƙasashen Afirka da dama saboda araha da rancen da ke biyo su. Babu ƙasar yankin da ke ƙera irin waɗannan ƙwayoyi, babu wadda ake tambayar ra'ayinta idan Washington za ta sa takunkumi. Amma idan akwatin turke ya ƙara tsada, ko aka yi wata shida ana jiran kayan gyara, kamfanin waya ne zai jinkirta kai sabis ƙauye, kuma garuruwan kan iyaka da ribarsu ba ta da yawa su ake fara ɗagewa. Asibitin da injin hotonsa ya tsaya saboda allon lantarki ɗaya da ba a samu ba yana cikin layi guda da masana'antar motoci ta Jamus, sai dai shi a can ƙarshen layin yake.

Kowa ya koma ƙofa ɗaya

Nasarar Xilinx ta haifar da wata matsala da ta fi ta Altera girma. Duk manyan kayan AMD na FPGA daga TSMC suke fitowa. Sababbin na Lattice da na Achronix ma haka. Har shi Altera, tsofaffin kayansa da ake ci gaba da saye da yawa, irin su Cyclone V da Arria 10, a TSMC ake yin su, domin bai taɓa barin gidan gaba ɗaya ba. Akasarin wannan aiki a tsibirin Taiwan ake yin sa, wanda Beijing ke cewa yankinta ne, kuma inda girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce.

Matsayin masu FPGA a wurin TSMC ma ya sauya. A da su ne ake fara gwada sabon salo da su. Yanzu Apple ne ke shiga farko, Nvidia da masu rumbunan ƙirƙirarriyar basira na biye, kuma dabarar haɗin nan da Xilinx ya taimaka aka raina, su ne suka cika layinta. Manyan FPGA na yau suna kan nanomita 7 da 6 yayin da wayoyin hannu suka kai 3. Tseren da Altera ya bar gida dominsa a 2013, babu ɗayansu da ke kan gabansa yanzu.

Amurka ta ware dala biliyan 52.7 a dokar CHIPS ta 2022 domin dawo da ƙira gida, TSMC kuma ya yi alkawarin zuba dala biliyan 165 a jihar Arizona. Sai dai masana'antun Arizona na sababbin salo ne, daga nanomita 4 zuwa ƙasa. FPGA da ke cikin rada da injin asibiti da turken waya yawancinsu na nanomita 28 ne da 16, kuma suna daɗewa a kasuwa: AMD ya yi alkawarin ci gaba da samar da jerinsa na 7, wanda ya fito tun farkon shekarun 2010, har aƙalla 2035. Ga irin waɗannan kaya, masana'antar TSMC ta Kumamoto a Japan da aka buɗe a 2024, da wadda ake ginawa a Dresden ta Jamus, sun fi Arizona amfani, ko da yake ba su ake yawan gani a kanun labarai ba.

A nan ne rauni na Altera zai iya zama abin tallarsa. Jerin Agilex a masana'antun Intel ake ƙera shi, kuma ga ma'aikatar tsaron Amurka da 'yan kwangilarta, babbar FPGA da ba ta dogara kacokan ga Taiwan ba abu ne mai daraja. Raghib Hussain, wanda ya zo daga Marvell ya karɓi shugabancin kamfanin a Mayun 2025, yana da abin da magabatansa na shekara goma ba su da shi, wato mai gida da ba shi da masana'antar da yake son cikawa. Silver Lake riba yake nema, kuma zai so a kai aiki duk inda ya fi sauri da araha. Amma Intel na riƙe da kashi 49, gwamnatin Amurka kuma ta karɓi kusan kashi 10 na Intel a Agustan 2025, saboda haka zaɓen maƙerin Altera na gaba ba zai zama lissafin kasuwa zalla ba.

Shi kuwa Intel yana buƙatar baƙi fiye da yadda ya buƙace su a 2013. A Yulin 2025, ƙarƙashin sabon shugabansa Lip-Bu Tan, kamfanin ya shaida wa masu hannun jari a rubuce cewa idan bai samu babban mai kawo aiki daga waje ba, zai iya dakatar da salon ƙirarsa na gaba, wanda yake kira 14A, ko ya soke shi. Duk kamfanin da Intel zai je zawarci zai fara duba abin da ya samu babban baƙonsa na farko tsakanin 2013 da 2016 kafin ya sa hannu.